Aikin da Bango Ya Rufe

A unguwar Gobarau, inda hasumiyar da ake danganta wa zamanin Sarki Muhammadu Korau take tsaye har yau, magidanci kan sa a binne masa wayar eriya da ta intanet cikin bango, sannan ya ji nauyin gwada aikin, wai kada ya munana wa Musulmi zato. Alhali malaman Malikiyya, da suka lazimta wa masu sana'a lamunin abin da ya salwanta a hannunsu, maslahar jama'a suka duba, ba tuhuma ba. Don haka, a ganina, babu laifi a kwance soket, a duba ko zaren tagulla na wayar eriya ya taɓa ragar da ke kewaye da shi, a kunna talabijin gaban mai aikin, tun siminti bai rufe aibin ba.