In Amana Ta Yi Karo Da Zumunta

Ku 'yan makaranta, in amana da zumunta suka yi karo, wacce za a bi?

A Kakuri, kudu da kogin Kaduna, akwai ma'aikatar ƙera makamai ta soja, wadda aka kafa a 1964. Mu ɗauka an sa wani hafsa ya sayo mata ƙarfe, ga shi kuwa ƙanensa dillalin ƙarfe ne. Ko kuwa lauya, a kawo masa ƙara, ashe wanda ake ƙarar shi ya biya masa kuɗin karatu. Kowannensu ya iya cewa shi mai gaskiya ne. Watakila haka ne, amma zuciya ba ta yi wa kanta alƙalanci, kuma kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

A ganinmu maganin guda ne: mutum ya bayyana dangantakar tun da wuri, ya ce a ba wani aikin. Janye jiki ba ragwanci ba ne. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya shiga rundunar jihadi, sai ya bar ta ya nufi Kano, inda ya wallafa Liya'ul Hukkami don shiryar da mahukunta.

Wanda ya janye ya rasa 'yar riba, amma sunansa ya tsira, haƙƙin jama'a ma ya tsira.