Tawakkali a Gaban Raga

Sau biyu cikin shekara uku Niger Tornadoes ta Minna ta kai wasan ƙarshe na Kofin Aiteo, sau biyun kuma bugun fenariti ne ya raba ta da kofin. Akwa United ta doke ta a Legas a 2017, Kano Pillars ta maimaita mata a Kaduna a 2019, duk bayan an tashi babu ci. 'Yan kallo suka ce ƙaddara ce, kuma gaskiya suka faɗa. Damuwata ita ce yadda yaron da ke taka leda a Bosso ko Tunga, yana burin shiga filin Bako Kontagora wata rana, yake fahimtar kalmar. Da yawa sun ɗauka ƙafa kawai ake horarwa, zuciya kuwa sai yadda Allah ya yi da ita.

A bugun fenariti, tsakanin ƙwallo da raga mita 11 ne, kuma mai bugu ya fi gola dama nesa ba kusa ba. Yaron da ke ci kullum a atisaye amma ya ɓarar a gaban jama'a, fargaba ce ta kayar da shi. Ita kuwa fargaba tana jin horo: a koya masa sassauta numfashi, ya zaɓi kusurwa tun kafin ya taso kada ya sauya, a riƙa tara masa 'yan kallo har ya saba da ihu. Wannan riƙo da sababi ne, irin wanda Annabi (SAW) ya nuna da ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, da kuma ranar Uhudu da ya sanya sulke biyu. Wani zai ce koya wa yaro yarda da kansa ƙofar jiji-da-kai ce. Tsoron yana da tushe, domin mun sha ganin matashin da yabo ya lalata. Sai dai mai jiji-da-kai yana ganin sakamako a hannunsa yake, shi ya sa ƙafarsa ke rawa, don idan ya ɓarar ba shi da mafaka. Wanda ya san nasa shi ne shiri da bugu, hukunci kuma na Ubangiji, an sauke masa rabin kayan tun bai taɓa ƙwallon ba.

Akwai masu cewa ai laya ma tana kwantar da hankali, to me ya raba ta da wannan horo? Ko da an ajiye batun shirka, wanda shi ne mafi nauyi, natsuwar da aka ɗaure a damtse aro ce. Ranar da aka manta layar a gida, ko alƙalin wasa ya sa aka cire ta, yaron zai tsaya gaban gola ba abin da ya sani game da zuciyarsa, alhali kocin da ya bar shi a haka yana da watanni a hannu da zai koya masa.