Hukuncin Ba Da Goro Ga Wanda Ya Taimake Ka A Hanya

Ya kai ɗan'uwa, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya ratsa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, hanyoyin gona ba sa rabuwa da taɓo ko da rani. Motarka ta kafe da kwandunan tumatir, samari suka bar ban-ruwa suka tura ta. Shin za ka ba su wani abu?

Ka ba su mana! Annabi Musa (A.S.) ya shayar da dabbobin mata biyu a Madyana, bai yi ciniki ba, amma mahaifinsu ya aika a kira shi don ya saka masa. Duba Suratul Ƙasasi. In kuwa kun yi jinga, to ya zama haƙƙi, ba goro ba. Kada ka ce "Allah ya saka" ka ja mota alhali aljihunka cike.

Amma ma'aikacin da ake biya albashi don wannan aikin, ya ƙi taɓa motarka sai ka ba shi na goro, wannan rashawa ce, kome sunan da aka laƙaba mata. In tumatirinka zai ruɓe, ka rasa mafita ka bayar, malamai da yawa sun ce zunubin yana kansa. Wallahu a'alamu.