Ko Daidai Ne A Ba Da Naman Ƙari Domin Bincike?

'Yan'uwa, akwai wata tambaya mai nauyi wadda takan sami iyaye a ranar baƙin ciki. Yaro ya daɗe da ciwon kai, yana amai da sassafe, yana tangaɗi in ya tashi tafiya. Daga Kpangalam aka kai shi asibitin Sokodé, ko kuwa aka gangaro da shi daga Dapaong, har aka dangana da Lome. Likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwa ko a laka, suka yi fiɗa suka cire. A ƙasashe da dama, masu bincike sukan roƙi iyaye su bar musu guntun naman nan su nazarta, ko da yake binciken ba lalle ya amfani wannan yaro ba. To, ya kamata uba da uwa su yarda?

Bari mu fara sanin abin da ake nema. Allah ya sa mana masu gadi cikin jiki, watau ƙwayoyin garkuwa, waɗanda ke yaƙi da cuta. Amma ƙari yana da wayo. Yakan ruɗi masu gadin da ke kewaye da shi har su koma taya shi girma, kamar maigadin da ɓarawo ya saye. Waɗansu mayaƙan kuma, da ake kira ƙwayoyin T, ba su cika yawa cikin ƙarin ƙwaƙwalwar yara ba. A shekara ta 2018 aka ba James Allison da Tasuku Honjo lambar Nobel saboda sun gano hanyar kwance wa mayaƙan nan dabaibayi. Magungunan da aka samu ta haka sun taimaki manya masu ciwon dajin fata da na huhu, amma galibi ba su yi wa yara masu ƙarin ƙwaƙwalwa irin wannan aiki ba. Dalilin haka ake nema, ba kuwa za a gano shi ba sai an duba naman ƙarin kansa.

Wani zai ce jikin mutum abin girmamawa ne, ba a wasa da shi. Gaskiya ne. Amma abin da aka cire cuta ne, an kuwa cire shi domin ceton yaron. Ba da shi kamar tsoho ne da ya dasa ɗorawa, ya san ba zai sha garinta ba, jikokin maƙwabcinsa za su sha. Maganin da yaranmu ke samu yau, daga yardar waɗansu iyaye aka koye shi, iyayen da ba mu san sunansu ba. Ƙaunar maƙwabci ta kai har ga yaron da ba a haifa ba tukuna.

Duk da haka, tsoron mutanenmu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara wajen 200 suka shiga, 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka kyauta ba ta zama kyauta sai da sani da yarda. Dole a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, ko Hausa, ko Kotokoli, ko Moba. Dole su sani suna da ikon ƙi, ba kuwa za a rage wa ɗansu kulawa ba. Wanda ya ƙi bai yi zunubi ba, kada kowa ya hukunta shi.

Masu bincike kuma akwai bashi a wuyansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji sukan warke, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. Bai dace a karɓi nama daga hannun talaka, maganin kuwa ya tsaya a Turai da Amurka ba.

In an cika waɗannan, ina gani ba da naman nan aikin jinƙai ne. Ya ku iyaye, ku yi tambaya ba tare da kunya ba, ku yi addu'a, sa'an nan ku yanke shawara da zuciya ɗaya.