Kafin Ka Ɗora Gatari

Ɗana, kafin ka ɗora gatari a kan gawon da ke gonarka ta tudu, zauna ka ji. Mutane sun ɗauka yawan ruwan sama kaɗai ke cika gulbi. Ba haka ba ne. Bayan farin 1973 da na 1984 damina ta ja baya ƙwarai a yankin Sahel, amma masu auna ruwan koguna suka tarar da abin mamaki: ruwan da Sirba ke kwasowa daga Burkina Faso ya zuba a kogin Neja, kafin a kai Yamai, ƙaruwa ya yi. Fari da gatari da faɗaɗa gonaki sun cinye ciyawa da itatuwa, ƙasa ta koma fako, ruwan da a da yake nutsewa sai ya kama gudu.

Je ka tsaya a bakin fako ranar ruwan farko, ka gani da idonka. Ɗigon yana dukan ƙasa ba abin da ya tare shi, ya farfasa ta, laka mai laushi ta toshe ƙofofinta, rana ta fito ta gasa, sai ta yi ɓawo. Ruwa na biyu ba shi da mashiga. Nan da nan ya taru ja wur, ya kwashi taki da iri, ya haƙa kwazazzabo, ya je ya juye rairayi a fadamar wani bawan Allah. To matsa gindin kalgo, ko inda aka bar kara a kwance. Ganye ya karya ƙarfin ɗigon, saiwa ta buɗe masa hanya, garar nan ma da kake tsinewa ta huda ƙasar da ramukanta. Bayan kwana biyu tona da yatsa, za ka ji danshi. Ruwan nan ne ke sauka a hankali har rijiya, shi za ka ɗebo da bazara.

Ban ce maka bishiyar gonarka ce ke kiran hadari ba. Damina tana biyo iskar da ke tasowa daga teku ne, da ikon Allah. Abin da aka bar a hannunka shi ne inda ruwan zai nufa bayan ya sauka, kuma a nan haƙƙin maƙwabci ya hau kanka. Gulbin Maradi daga Najeriya yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya sake dawowa ya faɗa Rima. Wanda ya tsiraita tudu a sama ba zai taɓa sanin fuskar wanda ya aika wa ambaliya ba.

Manoman Maradi ba su jira a kawo musu dashe ba. Tun wajajen 1983 suka fara abin da suke kira sassabin zamani: kututturen da ya tsiro ba a ƙona shi, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a sare sauran a kai gida a yi girki. Da na Damagaram suka kama, sai da itatuwa suka dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 5. Kai ma bana bar sabarar da ke bakin kwari, kada ka kwashe kara duka ka sayar, kuma inda ruwa ya fara yanka hanya jera duwatsu a gicciye tun kafin ruwan shuka.