SU WA ZA SU RIƘE HANNUWAN MUSA?

Karatu: Fitowa 17:8-13, Galatiyawa 6:1-5



Wasu shekaru da suka wuce, a daren sujadar shiga sabuwar shekara, wani magidanci direban babbar mota ya miƙe a majami'armu ya ba da shaida cewa ya rabu da taba sigari bayan shekara 22 yana sha. Ya zaro kwalin da ya rage a aljihunsa, ya murƙushe shi a gaban jama'a. Majami'a ta kaure da tafi, matan zumunta suka rangaɗa guɗa, fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, kowa ya koma gida da murna. Kafin Ista ta zo, ɗan'uwan nan ya ɗauke ƙafa daga sujada. Da na bi shi gida, sai ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Malam, ranar da na bari, majami'a cike kuna tafa mini. Daren da abin ya taso mini a tasha, ko mutum ɗaya ban samu da zan kira ba. Yanzu da wace fuska zan shiga cikinku?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar. Mun iya murnar ranar farko, amma watannin da suka biyo baya mun bar shi shi kaɗai. A kan waɗannan watanni nake so mu yi tunani tare.

YAƘIN REFIDIM

Nassinmu na farko ya kai mu Refidim, inda Amalekawa suka auka wa Isra'ilawa a jeji. Joshuwa ya ja mayaƙa zuwa fagen fama, Musa kuwa ya hau tudu da sandan Allah a hannunsa. Muddin hannunsa na sama, Isra'ila ce da rinjaye. Da zarar ya sauke, sai Amalek ta danno. Amma yaƙin ya ƙi ƙarewa da wuri, hannuwan Musa suka yi nauyi. Sai Haruna da Hur suka kawo dutse ya zauna, ɗaya ya tallabi hannun dama, ɗaya na hagu, suka tsaya haka har rana ta faɗi.

Ku lura, 'yan'uwa, Littafi Mai Tsarki bai zargi Musa da ƙarancin bangaskiya ba. Wannan shi ne mutumin da ya tsaya gaban Fir'auna, wanda ya miƙa hannu bisa teku ta rabu. Duk da haka hannunsa nama ne da jini, ya kuwa gaji. Allah yana da ikon ya mai da damtsensa kamar ƙarfe, amma ya ga dama ya ba shi mutum biyu. Haka yake yi har wa yau.

ABIN DA KE SA HANNU YA GAJI

Ba a ambaci taba a cikin Littafi Mai Tsarki ba, gama daga nahiyar Amurka ta bazu zuwa sauran duniya bayan shekarar 1492. Amma Manzo Bulus ya koya mana a 1 Korintiyawa sura 6 cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, bai kuwa kamata wani abu ya mai da shi bawa ba. Taba tana ɓata mazaunin, tana kuma bautar da mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da fiye da miliyan 1 da ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. A cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki suna jawo ciwon daji.

Igiyar da take ɗaure mutum ita ce sinadarin nikotin. Daga zuƙa zuwa ƙwaƙwalwa ba ya kai rabin minti. Ƙwaƙwalwa takan saba da shi har ta mai da shi kamar abinci. Ranar da aka yanke mata, sai ta yi bore: saurin fushi, rashin barci, ciwon kai, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa, da baƙin ciki marar dalili. Wahalar takan fi tsanani a makon farko, ta ragu cikin mako 2 zuwa 4. Bayan haka sai yaƙi na biyu ya soma, wato na sabo. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mutumin da yake shan kara 10 a rana ya kunna wuta sau 3,650 a shekara: bayan cin tuwo, a teburin mai shayi, a bakin tasha, bayan gardama da maiɗaki. Kowane ɗayan wuraren nan yana nan yana jiransa, ko bayan wata 3 ko 6.

Shi ya sa cikin mutum 100 da suka yi ƙoƙarin bari ba tare da wani taimako ba, wajen 4 ne kawai suke ɗorewa. Saboda haka idan ɗan'uwa ya ce mana yana shan wuya, kada mu yi gaggawar cewa addu'arsa ce ta yi sanyi. Hannunsa ne ya yi nauyi.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Mai-Wa'azi 4:9-12 ya nuna tausayin wanda ya faɗi ba shi da mai tashe shi, ya kuma kwatanta zumunci da igiyar da aka tufka da zare uku. Masu bincike sun tarar da abin da ya yi daidai da haka. A shekarar 2008, Nicholas Christakis da James Fowler suka wallafa nazarin da suka yi a kan mutane fiye da 12,000 da aka bi rayuwarsu daga 1971 zuwa 2003, a binciken nan na garin Framingham a Amurka. Suka ga mutane ƙungiya-ƙungiya suke barin taba. Idan miji ko mata ya bari, yiwuwar abokin aurensa ya ci gaba da sha takan ragu da kashi 67 cikin 100; idan aboki ne, kashi 36; idan ɗan'uwa ne na jini, kashi 25. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, zama da wanda ya tsira kuma yakan jawo mutum zuwa tsira.

Ikkilisiya kuwa ta riga ta mallaki abin da ake nema. Muna da zumuntar maza, zumuntar mata, ƙungiyar matasa, ƙungiyar mawaƙa, da addu'ar gida-gida. A cikin kujerunmu akwai dattawan da suka bar taba shekara 10 ko 20 da suka wuce, suna ɓoye labarin don kunya, alhali kuwa shi ne maganin da wani yake bukata.

AIKIN HARUNA DA HUR

Na farko, a san su da suna. Haruna da Hur mutum biyu ne sanannu, ba a ce dukan taron Isra'ila su riƙe hannun Musa ba. Aikin da aka bar wa kowa, ba mai yinsa. Wanda zai bar taba ya zaɓi mutum biyu tun kafin ranar bari: ɗaya a cikin gida, ɗaya a waje, in da hali wanda shi ma ya taɓa sha ya bari. Namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace, gama akwai iyayenmu mata da garin taba na shaƙa ko na sawa a baki ya kama, akwai kuma 'ya'yanmu da shisha ta yaudara.

Na biyu, a san sa'o'in haɗari. Ku zauna tare ku lissafa lokutan da ya saba kunnawa, da ranar albashi, da zaman makoki, da wurin da ake shan barasa, gama barasa takan kwance ƙudurin mutum. Ƙawar taba takan taso kamar guguwa, amma yawanci cikin 'yan mintoci take lafawa. Ku ƙulla alkawari ɗaya: kafin ka ƙyasta ashana, kira ni. Kai kuma da aka kira, ɗauki waya ko da tsakar dare ne. Ba lokacin wa'azi ba ne. Ka sa shi ya sha ruwa, ya tauna asuwaki, ya tashi daga wurin ya taka, ku yi gajeriyar addu'a, ka riƙe shi da hira har guguwar ta wuce.

Na uku, a kawo dutsen zama. Haruna da Hur sun sauƙaƙa wa Musa tsayuwa kafin su kama hannunsa. A kwashe ragowar taba daga ɗaki da mota, a wanke tufafi da labule. Kada a ƙara aiken yaro sayen taba. Dokar hana taba ta Nijeriya ta shekarar 2015 ma ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A raka shi wurin likita, gama akwai cingam da filastar nikotin da wasu magunguna masu rage wahalar bari, shawarar ma'aikacin lafiya tare da magani kuwa takan ninka damar cin nasara. Neman likita ba ya rage bangaskiya. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Wanda tari ya ƙi barinsa fiye da mako 2, a gwada shi ko tarin fuka ne.

Na huɗu, a riƙa ƙirga alherin Allah tare da shi. Cikin sa'a 12 iska mai guba da hayaƙi ke zubawa a jini takan koma yadda ya kamata. Cikin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu sukan inganta. Tsakanin wata 1 zuwa 9 tari da haki sukan ragu. Bayan shekara guda haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan sauko zuwa wajen rabin na mai sha. A kuma sami asusu a riƙa jefa kuɗin tabar kowace rana, a fasa shi ƙarshen wata a gaban yara, su ga abin da hayaƙi yake cinyewa.

Ke kuma uwargida, naki aikin ya fi na kowa nauyi. Maigida zai yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, zai ci abinci fiye da da, wataƙila ya ƙara ƙiba. Ki yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Kada ki zama mai sansanar rigarsa duk sa'ad da ya shigo, kada kuma ki riƙa tuna masa sau nawa ya yi alkawari ya karya. Wanda ake tsaro kamar ɓarawo yakan koyi ɓuya. Ki tambaye shi yadda yinin ya kasance, ki yaba masa a kan ranar da ya ci.

IDAN YA FAƊI FA?

Zai yiwu ya faɗi. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada sau da dama. Nassinmu na biyu ya ce masu ruhaniya su komo da wanda aka kama da laifi cikin tawali'u, suna lura da kansu, su kuma tallafa wa juna a kan kaya masu nauyi. Ku tuna yadda Ubangiji ya yi da Bitrus a Yohanna sura 21. Mutumin da ya yi musunsa sau uku, ya tarar an hura wuta an gasa masa kifi a bakin teku. Sai da ya ci, sa'an nan aka yi maganar, aka kuma mayar masa da aikinsa.

Kara ɗaya yana da haɗari ƙwarai, gama sau da yawa shi ke buɗe ƙofar komawa gaba ɗaya. Saboda haka a je wurinsa a ranar, kada a jira Lahadi. A tambaye shi: ina ne, da wa kake, me ya faru kafin nan? A toshe wannan kafa, a sake farawa da safe. Kada a kai sunansa taron addu'a ba da izninsa ba. Tsegumi ko an sa masa rigar roƙon addu'a, tsegumi ne. Shaiɗan ya fi cin riba da kunyar da ke raba mutum da zumunta fiye da karan da ya sha.

Kai ma mai bari, aya ta 5 ta wannan sura tana magana da kai: akwai kayan da kai ne za ka ɗauka. Haruna da Hur sun riƙe hannu, amma sandan yana hannun Musa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa wa masu riƙonka gaskiya, ko da mai ɗaci ce.

HAR FAƊUWAR RANA

Haruna da Hur ba su sake shi da tsakar rana don sun ga Isra'ila ta fara rinjaye ba. Mu ma kada mu saki ɗan'uwa a mako na uku don ya ce ya warke. A wata na farko a neme shi kowace rana, zuwa wata na uku sau biyu a mako, daga nan kowane mako har shekara ta zagayo. Ina roƙon dattawan kowace ikkilisiya su keɓe sa'a ɗaya a wata domin masu wannan fama su sadu a asirce, su kuma yi amfani da Lahadin da ta fi kusa da 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, don koyarwa a kan wannan batu.

Direban nan ya sake gwadawa. A karo na biyu ba a yi tafi ba, ba a yi guɗa ba. Wani dattijo da ya bar lofe tun yana saurayi, da wani makaniki ɗan ƙungiyar mawaƙa, su suka ɗauki nauyinsa. Duk garin da ya kwana, ƙarfe 8 na dare wayarsa za ta yi ƙara. Sau biyu ya zame, sau biyu suka ɗaga shi. Da shekara ta cika, ya zo da iyalinsa suka yi baikon godiya, daga baya shi ma ya zama mai riƙon wani.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, dubi kujerar da ke kusa da kai ranar Lahadi. Hannun wa ya fara sauka?

Mu yi addu'a: Ya Uba na sama, kai da ka san ƙirarmu, ka tuna mu ƙura ne, ka ƙarfafa bayinka da suke fama su kuɓuta daga taba. Ka gafarta mana inda muka yi tafi muka watse. Ka tashe mu mu zama Haruna da Hur ga 'yan'uwanmu, ka ba mu haƙuri da riƙon asiri, mu tsaya tare da su har ka ba da nasara. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.