Tsohon Doki Sai Mai Shi: Yadda Ake Yanka wa Mota Mai Ciwon Inji Kuɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da take yawan zuwa daga ƴan kasuwa da matasa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Mutum yana da mota irin masu gudun nan na ƙasaita, ta ci kilomita masu yawa, injinta ya soma ciwo mai tsanani, gyaranta kuma ya fi ƙarfin aljihunsa. Yana so ya sayar. Nawa ya halatta ya sa mata? Shin wajibi ne ya faɗi ciwon, ko kuwa ya bar mai saye da idonsa?

Mu fara da fahimtar abin da ake sayarwa, domin ba a yin hukunci a kan abin da ba a sani ba. Mu ɗauki misalin BMW M5, ƙirar Jamus, irin wadda aka yi tsakanin 2005 da 2010. Injinta silinda 10 ne, ƙarfin doki 507. Masu gyara sun san ta da wani rauni: ƴan faya-fayan ƙarfe da ke tsakanin sandunan fistan da babban sandan da ke juyawa a cikin inji, waɗanda makanikai ke kira kusine, suna saurin cinyewa. In an canza su da wuri, an tsira. In an bar su, wata rana injin ya buga gaba ɗaya. Kayan gyaranta sai an yi odarsu daga waje, mai iya aikinta kuma ba a kowane gareji ake samunsa ba. Jikinta yana sheƙi, kujerunta na fata, sunanta babba, cikinta kuwa ba lafiya. Wannan shi ne kyan ɗan maciji.

Game da adadin kuɗi, shari'a ba ta yanka wa kowace haja farashi ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade musu farashi, bai yi ba. Saboda haka mai mota yana da ikon ya sa mata abin da ya ga dama, mai saye ya yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har a sallama. Sharaɗin da Alƙur'ani ya gindaya a Suratun Nisa'i, aya ta 29, shi ne yarda tsakanin ɓangarorin biyu. To a nan gizo ke saƙa. Wanda ya yarda ya biya kuɗin mota mai lafiya, aka ba shi mai ciwo, da me ya yarda? Ya yarda da wata mota ce da ke cikin zuciyarsa, wadda ba ita aka miƙa masa ba. Kuɗin da aka karɓa a kan wannan yarda ba su da tsarki, ko da an yi shaidu an sa hannu a takarda.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya kan tafarkinsa. Ku lura, mutumin bai furta ƙarya da bakinsa ba. Jera kayan kawai ya yi yadda aibin zai ɓuya.

Akwai kuma hukuncin raƙuma ko akuyar da ake ƙin tatsa kwanaki kafin a kai ta kasuwa, domin hantsarta ta cika a zaci mai nono ce. Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kan haka, an kuma ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Irin wannan ɗaurin hantsa ya cika kasuwar motoci a yau. Ana zuba baƙin mai mai kauri domin ƙarar da injin ke yi ta lafa na ƴan kwanaki. Ana mayar da agogon kilomita baya, motar da ta ci 280.000 ta koma 140.000. Ana cire wayar fitilar gargaɗi don kada ta kama. Ana tayar da mota tun da asuba ta yi zafi kafin mai saye ya iso, saboda wasu ciwukan a farkon tashi suke bayyana. Ana wanke injin tas a ɓatar da sawun yoyon mai. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan da nufin ɓoye aibi ya yi algus.

Wani zai ce: ai na gaya masa tsohuwar mota ce, ya saya yadda ya gan ta, babu maidowa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun toshe wannan ƙofa. A Muhtasar na Shehu Halil an bayyana cewa mai sayarwa, idan ya san aibi, wajibi ne ya faɗe shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma kada ya dunƙule magana. Cewa "sai ɗan gyara" alhali makaniki ya riga ya gaya maka sai an sauke injin, dunƙule magana ne. Abin da ake so shi ne ka ce: injin yana ƙara, an ga garin ƙarfe a cikin matatar mai, tana shan mai kaza a tafiya kaza, mai gyara ya ce kuɗin aikin zai kai kaza. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi, domin mai shi ne ya san ƙafar da take ɗingishi. Wannan sanin amana ne a wuyansa.

To yaya ake ƙiyasta kuɗin adalci? A duba nawa ake sayar da irinta mai lafiya, mai shekaru da kilomita kamar nata. A matsayin misali kawai, mu ce sefa miliyan 6. A nemi makaniki masani, wanda ba shi da rabo a cinikin, ya ƙiyasta gyara, mu ce miliyan 2. Ragowar miliyan 4 ita ce rufin kuɗinta. Daga nan kuma a sauko kaɗan, domin mai saye zai ɗauki wahalar jiran kaya da zirga-zirgar gareji, kuma sau da yawa in an buɗe inji akan tarar da abin da ba a zata ba. Abin da mai mota ya saye ta da shi shekarun baya, da son da yake mata, da kuɗin fenti da kayan kiɗa da ya zuba, duk ba su tayar da injin da ya kwanta.

Idan ba a san iyakar ɓarnar ba, mafi kyau a buɗe a duba kafin a ƙulla ciniki, a kuma yi yarjejeniya tun farko a kan wanda zai biya ladan dubawa. Idan hakan bai yiwu ba, a sayar da ita a fili a matsayin mota mai mataccen inji, da kuɗin da ya dace da haka. Sayar da ita da kuɗin mai lafiya a kan fatan ƙila ciwon ƙarami ne, ya yi kama da sayen kifi a cikin ruwa, wanda malamai ke buga misali da shi a babin garari.

Idan kuwa an ɓoye aibin har ciniki ya faɗa, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta yi bayani. Mai saye yana da zaɓi: ya riƙe motar ba tare da an rage masa komai ba, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In wani sabon aibi mai ɓatawa ya same ta a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. Lissafin kuwa da kaso ake yi. A misalinmu, aibin ya cinye sulusin ƙimar motar, daga 6 zuwa 4. In ya saye ta miliyan 5 da jikka 400, sulusin wannan kuɗi za a mayar masa, wato miliyan 1 da jikka 800. Malikiyya sun ƙara da cewa idan abin ya halaka ta dalilin aibin da aka ɓoye da gangan, asarar a kan mai sayarwa take. Wannan hukuncin dukiya ke nan. Amma ku tuna, injin da ya buga ana tsakar gudu a kan hanyar Konni zuwa Dogon Dutsi, da iyalin mutum a ciki, ba dukiya kaɗai yake ci ba.

Dillali da makaniki su ma suna da nasu kaso. An ruwaito cewa sahabi Wasila ɗan Asƙa'u ya ga an sayi raƙuma, ya bi mai sayen ya tambaye shi ko don nama ya saya ko don tafiya, sa'an nan ya gaya masa ciwon da ke ƙafarta, alhali ba shi ne mai sayarwa ba. Makanikin da aka kawo ya duba mota, ya karɓi na goro a bayan fage ya ce lafiya lau take, ya yi shaidar zur. Dillalin da ya san ciwon ya yi shiru don kada la'adarsa ta ragu, ko ya kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya don kuɗi su hau, ya faɗa cikin najashi da aka hana.

Shi ma mai saye akwai magana a kansa. Annabi Shu'aibu ya hana mutanensa tauye wa mutane kayansu, kamar yadda ya zo a Suratu Hud, aya ta 85. Idan ɗan'uwanka ya gaya maka gaskiyar motarsa, kada ka mai da gaskiyar wuƙar yanka shi. Kada ka haɗa baki da mai gyara a ninka kuɗin aiki don a karya ta, kada kuma ka ci moriyar matsuwarsa don ka ji yana da mara lafiya a asibiti. Annabi (SAW) ya sayi raƙumin Jabir ɗan Abdullahi, wanda ya gaji a hanya, da uƙiya ɗaya. Da suka isa Madina ya biya shi, ya ƙara masa, ya kuma mayar masa da raƙumin.

Gaskiya ne, wanda ya faɗi aibin motarsa zai karɓi kuɗi ƙasa da na wanda ya ɓoye, wani lokaci da miliyoyi. Wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce ga mai iyali da bashi. Sai dai hadisin Hakim ɗan Hizam, a Buhari da Muslim, ya sanar da mu cewa masu ciniki biyu in sun yi gaskiya sun bayyana akan sa musu albarka, in sun ɓoye sun yi ƙarya akan shafe ta. Miliyan 2 ɗin da ka ci ta hanyar ɓoyewa haƙƙin wani ne, za ka biya shi a ranar da babu sefa, sai kyawawan ayyuka.

Allah ya tsarkake mana dukiyoyinmu, ya wadatar da mu da halal ga barin haram, ya kiyaye matafiyanmu a kan hanyoyi. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.